Rubutaccen shiri: Ranar da jirgin ruwa ya tafi ya bar mu a Barcelona

Ga waɗanda data ba ta barinsu su saurari murya, ga rubutun shirin kamar yadda muka saba, an ɗan rage wuraren da na yi ta maimaita magana.

Yau na ajiye abin da na shirya saboda saƙon wata 'yar'uwa daga Kaduna. Ta ce maigidanta yana son ya kai su hutu a irin manyan jiragen ruwan nan na shaƙatawa, waɗanda ake kwana bakwai ko goma a ciki ana yawo ƙasa-ƙasa. Sai ta ga bidiyon wata Ba'amurkiya a TikTok tana cewa ba a buƙatar fasfo ma sam, takardar haihuwa da lasisin tuƙi sun wadatar. Shi ne take tambaya, wai da gaske ne?

Hajiya, matar nan ba ƙarya ta yi ba. Sai dai ba da ke take ba. Ba da ni take ba kuma.

A Amurka akwai wata doka da ta fara aiki kan iyakokin ƙasa da na ruwa a watan Yunin 2009. A cikinta aka yi wa 'yan ƙasa sassauci: idan jirgi ya tashi daga wata tasha ta Amurka, a ce Miyami, ya zaga Bahamas ko Meziko ko tsibiran Karibiyan, ya dawo wannan tashar dai da ya tashi, to ɗan Amurka zai iya shiga da takardar haihuwarsa ta Amurka da katin shaida na gwamnati mai hoto. Yaron da bai kai shekara 16 ba, takardar haihuwa kaɗai ma ta ishe shi. To kun ji inda zancen ya samo asali. Na ɗan ƙasa ne, kuma na jirgin da zai koma inda ya fito ne. Ko su ɗin ma, kamfanonin kan ce musu gara su riƙo fasfo, domin in ciwo ya kama mutum a wani tsibiri ko jirgi ya tafi ya bar shi, ba ya iya hawa jirgin sama ya koma gida da takardar haihuwa.

'Yan'uwanmu da ke zaune a can ma su buɗe kunne. Wanda aka haifa a Kano ko Zinder ko Kumasi, daga baya ya zama ɗan Amurka, takardar haihuwarsa ta gida ba ta cikin wannan lissafin. Ko dai ya riƙo fasfon Amurka, ko ainihin takardar da aka ba shi ranar da ya yi rantsuwar zama ɗan ƙasa. Mai girin kad kuwa, ya riƙo katin ya haɗa da fasfon ƙasarsa ta asali.

Mu kuma masu koren fasfo, hanyarmu daban ce, kuma ni jiki magayi ne a kan wannan. Bari in ba ku labarin, duk da uwargida ta ce in na sake ba da shi a bainar jama'a sai na biya tara.

Shekara goma da aurenmu, na ce bari in yi abin kai. Na yi ta tari kusan shekara biyu. Na samo jirgi mai kwana bakwai a Bahar Rum, zai tashi daga Barcelona, ya je Tunis, ya zo Palermo, Napoli, Genoa, Marseille, ya koma Barcelona. Na dubi jerin garuruwan nan na ce Sifaniya, Italiya, Faransa, ai duk Shengen ne, biza ɗaya ta gama magana. Tunis ɗin na gan ta fa, ba wai ban gan ta ba. Cewa na yi a raina, mu da ba za mu sauka ba, mu yi zamanmu a cikin jirgi mu ci abinci mu kalli gari daga sama. Wanda ya taya ni cike fom ya tambaye ni, shiga nawa? Na ce ai sau ɗaya za mu shiga Turai. Ya sa shiga ɗaya. Biza ta fito, muka yi murna, har da kiran 'yan'uwa.

Ranar shiga jirgi muka isa tasha tun ƙarfe goma sha ɗaya na safe. Ma'aikata suka karɓi akwatunanmu a bakin ƙofa, suka maƙala musu lambar ɗaki, aka wuce da su. Muka bi layi. Ga jirgin nan ta gilashi, wallahi kamar an ɗauko unguwa guda an ɗora a kan ruwa. Uwargida har ta fara ɗaukar hoto tana tura wa ƙannenta.

Da muka zo kan teburi, wata baiwar Allah ta karɓi fasfo, ta buɗe shafin biza, ta sa yatsa a wani ɗan gurbi. Ku da kuke da bizar Shengen a fasfo, ku ɗauko ku duba yanzu. Akwai wurin da aka rubuta adadin shiga. Ko dai ku ga 01, ko 02, ko MULT. Namu 01 ne. Ta kira wani babba da ita, suka yi ƙus-ƙus, ya zo ya ce mana cikin ladabi, ba za mu shiga ba.

Na ce saboda me? Ya ce wannan shiga ɗaya da aka ba ku, kun riga kun cinye ta jiya a filin jirgin sama. Jibi jirgin zai tsaya a Tunis, kun fita daga Shengen ke nan. Washegari zai shiga Palermo, kun dawo ke nan, shiga ta biyu, ku kuma ba ku da ita. Na ce ranka ya daɗe ba za mu sauka a Tunis ba, in kuna so ku kulle mu a ɗaki. Ya yi murmushi. Ya ce jirgin ne zai fita, ku kuma kuna cikinsa.

Na yi magiya, na yi Turanci, na nemi manaja. Babu abin da ya canja. Abin da ya fi ci mini rai ma shi ne kayanmu sun riga sun shige, sai da muka zauna a kan benci kusan awa uku kafin a lalubo su a fito da su. Muna zaune ana ta wucewa ta gabanmu da yara da tsofaffi, kowa da fara'arsa. Uwargida ba ta ce uffan ba sai da jirgin ya yi ƙararsa ya fara ja da baya. Sannan ta juyo ta ce, "Maigida, to yanzu ina ne masaukin namu?" Da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi.

Kuɗin jirgi bai dawo ba, in ban da ɗan abin da ba a rasa ba na harajin tasha. Na koma na karanta sharuɗɗan da na danna na amince ban karanta ba, ga shi nan ɓaro-ɓaro: samun takardun da suka dace nauyin fasinja ne, wanda aka hana shiga saboda takardu ba a mayar masa da kuɗi. Kusan duk kamfanonin haka suke rubutawa. Muka kama wani ɗan otal muka yi mako guda a Barcelona muna lissafin kuɗin burodi. Garin yana da kyau, ba zan yi masa ƙarya ba, amma ban gan shi da idon basira ba.

To me ya sa suke da tsanani haka? Da farko na ɗauka mugunta ce ko raini saboda launin fasfo. Daga baya na gane yadda abin yake aiki. Kafin jirgi ya isa kowace tasha, yana tura wa hukumomin ƙasar jerin sunan duk wanda ke ciki, da lambar fasfo, da ƙasarsa. A Amurka ma dole a miƙa jerin ƙarshe minti 60 kafin jirgi ya tashi, shi ya sa ake rufe rajista tun da sauran lokaci. Hukumar shige da fice ba ta tantance mutum ɗai-ɗai a bakin tsani kamar filin jirgin sama, sau da yawa jirgin gaba ɗaya ake wankewa a ce to kowa ya sauka. In aka samu mutum ɗaya ba shi da izinin shiga, kamfanin ake ci tara, kuma ana iya riƙe mutum dubu huɗu ko biyar saboda shi. Ma'aikaciyar da ke kan teburin nan an riga an ba ta takarda: ɗan ƙasa kaza, a wannan hanyar, ga abin da zai nuna. Ba ta da ikon yi maka alfarma ko da ta tausaya maka. A nan gida mun saba a ce a yi haƙuri a duba Allah a duba Annabi, a samu wani ya sa baki. Can babu wanda zai sa baki.

Saboda haka abin da nake gaya wa duk wanda ya tambaye ni, kafin ka kalli hoton ɗaki, kafin ka kalli wurin wanka da abinci, ɗauki biro da takarda ka rubuta tasoshin da jirgin zai tsaya ɗaya bayan ɗaya. Gaban kowace tasha ka rubuta ƙasarta. Sannan ka ja layi duk inda aka fita daga wata iyaka aka sake dawowa. Wannan layin shi ne ya kayar da ni.

A Bahar Rum abin yana da ruɗani, domin Tarayyar Turai daban, Shengen daban. Ƙasashen Shengen 29 ne yanzu. Malta tana ciki. Kuroshiya ta shiga a farkon 2023, don haka Dubrovnik ba fita ba ce. Amma Kotor da ke maƙwabtaka da ita, a Montenegro take, waje ce. Kuşadası da Istanbul, Turkiyya ce, waje. Saifurus tana cikin Tarayyar Turai amma ba ta cikin Shengen. Birtaniya da Ayalan su ma kowa da bizarsa, wanda zai hau jirgi a Southampton ya zaga Norway ya dawo, biza biyu yake nema, ta Birtaniya da ta Shengen, kuma ya duba ta Birtaniyar za ta bar shi ya sake shiga. Jirage da yawa da ke zaga tsibiran Girka sukan leƙa Turkiyya kwana ɗaya. Kwana ɗayan nan ya isa.

Idan za ka nemi bizar, ka haɗa da takardar jirgin mai nuna jadawalin tasoshi, ka kuma rubuta a wasiƙarka ƙarara cewa jirgin zai fita ya dawo, don haka kana neman mai shiga da yawa. Ofishin jakadancin ƙasar da za ka fi daɗewa a cikinta ake nema, in kwanakin sun zo daidai sai ƙasar da za ka fara shiga. Kuɗin bizar yuro 90 ne ga babba tun Yunin 2024, ban da kuɗin cibiyar karɓar takardu. Sai inshorar lafiya da ta kai yuro 30,000. Ana iya nema tun wata shida kafin tafiya, kuma ni a ganina wanda ya bari sai saura wata ɗaya ya sa kansa a uku, musamman lokacin bazara da ake rububin samun rana. Ranar da fasfo ya dawo hannunka, kar murna ta hana ka buɗewa. Dubi adadin shiga, dubi ranar farawa da ta ƙarewa, dubi adadin kwanaki. Kana iya neman MULT a ba ka 01, ikonsu ne. In haka ta faru kana da sauran lokacin canja jirgi zuwa wanda ba ya fita Shengen, akwai su da yawa, Sifaniya, Faransa, Italiya, Malta, a dawo. Da na san wannan da labarina ya canja.

Wata shawara da nake jin wasu ejan ba za su so ta ba: kar ka biya kuɗin jirgi duka kafin biza ta fito, in dai akwai tsarin ajiye kafin alƙalami da ake iya mayarwa. Ka tambayi ranar ƙarshe da za ka iya fasawa ba tare da asara mai yawa ba, ka rubuta ta a bango.

Mu koma Amurka, tun da can Hajiya ta ga bidiyon. Ɗan Najeriya da zai hau jirgi a Miyami ko Galveston, shigarsa ta jirgin sama shiga ɗaya ce, dawowar jirgin ruwan daga Bahamas ko Jamaika shiga ta biyu ce. A da wannan bai cika damun mutane ba saboda bizar ziyara mai shiga da yawa ake bayarwa, har ta shekara biyar. A watan Yulin 2025 Amurka ta sanar cewa yawancin bizar da za ta riƙa ba 'yan Najeriya ta koma shiga ɗaya, wata uku. Kun ga ramin da na faɗa a Barcelona shi ne a nan ma, sai dai ya fi zurfi. Dokokin nasu kuma sai ƙara tsauri suke yi, don haka abin da maƙwabcinka ya yi shekara uku da suka wuce ba hujja ba ce a yau.

Akwai kuma tarkon Alaska. Mutum zai ce daga Seattle zuwa Alaska ai duk Amurka ce. Haka ne, amma akwai wata tsohuwar doka ta 1886 da ta hana jirgin da ke ɗauke da tutar wata ƙasa jigilar fasinja a tsakanin tasoshin Amurka kawai. Manyan jiragen nan kuwa kusan duk rajistar Bahamas ko Panama ko makamantansu gare su. Shi ya sa sai sun tsaya a Kanada, yawanci Victoria, wani lokaci na 'yan awanni da daddare. Mai fasfon Najeriya da bizar ziyara ta Amurka sai ya nemi bizar Kanada saboda 'yan awannin nan, ko zai sauka ko ba zai sauka ba. Mai girin kad ne aka ɗauke wa.

Yanzu mu zo inda na san yawancin masu sauraronmu suka fi karkata, wato ƙasashen Larabawa. Lokacin sanyi, daga wajen Nuwamba zuwa Maris, jirage suna tashi daga Dubai su zaga Abu Dhabi, Doha, Bahrain, wani lokaci Maskat, su dawo Dubai. Mako ɗaya, ƙasa uku ko huɗu, kowace da dokarta a kan koren fasfo, kuma Daular Larabawan kanta sau biyu ko fiye za ka shige ta. Kun dai tuna an daina ba 'yan Najeriya bizar Dubai tun 2022 sai a Yulin 2024 aka dawo da ita. Wanda ya sha wahala ya samu, ya duba ko mai shiga ɗaya ce kafin ya ce zai hau ruwa da ita.

Sai Jidda. Tun Disambar 2024 Saudiyya ta fara da jirginta, AROYA, yana tashi daga Jidda ya zaga Bahar Maliya, yana taɓa Masar da Jodan. Na san wannan zai burge mutanenmu, abinci halal, babu giya, ga iyali. Amma a yi hattara da abu biyu. Wanda ya je Umara ya ce bari in ɗan ƙara da kwana uku a ruwa, ya tabbatar bizar da ya shiga da ita za ta bar shi ya fita zuwa Sharm el-Sheikh ya sake shigowa Jidda. 'Yan'uwanmu mazauna can masu iƙama kuma sun fi ni sanin zancen khuruj wa auda, izinin fita da dawowa. Fita ta ruwa ma fita ce. Haka abin yake ga mai son hawa daga Durban a Afirka ta Kudu zuwa tsibiran Mozambik.

Wasu ƙasashen suna yi wa fasinjan jirgin ruwa sassauci, su bar shi ya sauka na yini ba biza, ko jirgin ya yi wa kowa izini a dunƙule. Amma sassaucin yakan bambanta daga fasfo zuwa fasfo, shi ya sa amsar da aka ba Bature a intanet ba taka ba ce. Ka rubuta wa kamfanin imel, ka ce ga fasfon da nake riƙe da shi, ga jirgin, ga ranar, me zan nuna a kowace tasha? Ka buga amsar a takarda ka riƙe. In suka ce ka tambayi ofishin jakadanci, to ka tambaya ɗin, kar ka ɗauka sun kore ka ne.

Fasfon kansa, a taƙaice. Ya kasance da sauran wata shida a gaba, kuma daga ranar da za ka sauka daga jirgin ake ƙirgawa. Shengen wata uku take nema bayan fitarka, amma kamfanonin jirage wata shida suka fi nema, kuma su ne a bakin ƙofa. A samu shafuka biyu ko fiye da ba a buga komai ba. In bizarka mai rai tana cikin tsohon fasfo, ka haɗa tsoho da sabo. Katin ɗan ƙasa, katin zaɓe, takardar tafiya ta ECOWAS da muke zuwa Kwatano da Accra da ita, duk ka bar su a aljihu, ba sa buɗe wannan ƙofar.

Suna kuma, kai, wannan ciwon namu ne. Mutum ɗaya Muhammad a fasfo, Mohammed a katin banki, Moh'd a takardar makaranta. Aisha a nan, Aishatu a can. Wani sunan garinsu ne sunan ƙarshe a fasfo amma da ejan ya tambaye shi sai ya ba da sunan mahaifi. Abin da ke shafin fasfo shi za a rubuta a tikiti, harafi da harafi, a jere yadda yake. Alhaji da Hajiya da Dakta a bar su a gida. Kar ka karanta wa ejan suna ta waya, tura masa hoton shafin, in ya turo tikiti ka zauna ka gwada su da idonka.

Zancen yara ne nake so Hajiya ta fi saurara. Kowane yaro da fasfonsa da bizarsa, har jariri. Kuma a al'adarmu mace takan ci gaba da amfani da sunan mahaifinta bayan aure, yaro kuma yana ɗauke da sunan nasa uban. Ma'aikacin da ke Genoa ya ga mace da yaro sunansu bai haɗu ko'ina ba, me zai nuna masa ɗanta ne? Takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya, mai sunan uwa da uba. In uban ba ya cikin tafiyar, a samu wasiƙar amincewarsa da sa hannu, lauya ko kotu ta buga hatimi, a haɗa da hoton shafin fasfonsa. Sai babbar matsalar, ɗan riƙo. Mu a wurinmu ɗan yayarka ɗanka ne, 'yar ƙanwarki da kika raina tun tana shekara biyu 'yarki ce, ba a ma so a ce ba ke kika haife ta ba. A kan teburin nan kuwa takarda ce ke magana. Sai an samu wasiƙar iyayen da suka haifa, da sunan wanda aka damƙa wa yaron, da ranakun tafiyar, da izinin a yi masa magani in ta kama. Haka in za a tafi da ɗan abokiyar zama ita ba ta zuwa.

Jariri sai ya kai wata shida a yawancin jirage, masu ratsa babban teku kuma shekara ɗaya. Mai juna biyu da za ta shiga mako na 24 kafin a gama tafiyar, yawancinsu ba sa ɗaukarta, domin asibitin cikin jirgi ba shi da kayan kula da bakwaini. Wadda ba ta kai ba ta riƙo takardar likita mai nuna makonni. Na san mu ba ma son faɗin ciki da wuri, amma a nan kunya asara take jawowa. Ango da amarya kuma, jirage da yawa da ke tashi daga Amurka ba sa ba wanda bai kai shekara 21 ba ɗaki shi kaɗai, sai dai ma'aurata in sun nuna shaidar aure. Aurenmu da yawa an ɗaura a masallaci an raba goro an watse, babu takarda. A nemi takardar tun kafin a fara zancen tafiya.

Katin rigakafin shawara, wanda muke ce wa yalo kad. Najeriya da Nijar da Ghana da Kamaru duk muna cikin ƙasashen da ake ɗauka akwai cutar, don haka Masar da Saudiyya da Afirka ta Kudu suna iya tambayarka. Allurar sai ta kwana 10 kafin katin ya fara aiki, kuma tun Yulin 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce allura ɗaya ta isa har ƙarshen rayuwa. Ka je ofishin lafiya na filin jirgi a yi maka allurar da gaske a ba ka na gaske. Masu sayen kati a bakin titi ba allura, ban da abin da zan ce musu. Masu shan magani kullum kuma su riƙo takardar likita, maganin yana cikin kwalinsa. Tramadol da kodin ba abin wasa ba ne a Dubai da Masar.

Kar a manta da jirgin saman da zai kai ka wurin jirgin ruwan. Mai fasfon Najeriya ko Ghana da zai canja jirgi a Paris ko Frankfurt zuwa wata ƙasa, ko bai fita daga filin jirgi ba ana neman bizar yada zango, sai in yana da irin bizar da ke ɗauke masa, kamar ta Amurka ko Kanada mai rai. Kuma ka isa garin kwana ɗaya kafin ranar tashi. Jirgin ruwa ba ya jiran wanda jirginsa na sama ya makara.

Ranar shiga, abin da na gani da idona sau biyu: mutum ya sa fasfo a babban akwati, ya miƙa wa masu ɗaukar kaya a ƙofa, ya zo kan teburi hannu rabbana. Fasfo, tikiti, katin shawara, takardun yara, magani, katin banki, duk a ƙaramar jakar da ke rataye a jikinka. Za su nemi katin banki ko ajiyar tsabar kuɗi saboda abin da za ka saya a ciki, kuma katin naira ba kullum yake amsawa a waje ba, ka tanadi na dala ko kuɗi a hannu. In an gama sai su ɗauki hotonka su ba ka wani kati, shi ne makullin ɗaki, shi ne kuɗinka, shi ne ake dubawa duk fita da shiga. A wasu hanyoyin sukan karɓi fasfo su ajiye a wurinsu don jami'an ƙasashen su duba, su ba ka rasit. Karon farko da aka yi mini haka gabana ya faɗi, ashe abin da aka saba ne. Ka dai yi hoton shafin fasfo da na biza a takarda da kuma a waya kafin ka miƙa.

E, kun ji na ce karon farko. Mun koma. Bayan shekara ɗaya da rabi na sake tari, wannan karon uwargida ce ta karɓi fasfo daga hannuna a ƙofar cibiyar, ta buɗe da kanta, ta ga MULT, sannan ta ce to yanzu a kira 'yan'uwa.

Hajiya ta Kaduna, ki turo mini jerin tasoshin jirgin da maigidan ya gani, da irin fasfon da kowa yake riƙe da shi, da shekarun yaran, da ko duk naki ne. Kar ki turo hoton fasfo ko lambarsa a ƙarƙashin wannan rubutun, don Allah, kowa yana gani. Mako mai zuwa in Allah ya kai mu za mu ɗauki naki mu bi shi tasha-tasha a cikin shiri, sai kuma tambayar wani ɗan'uwa daga Maraɗi kan abinci da wurin salla a cikin jirgi. Sai mun haɗu, a huta lafiya.